Injin Sanyi Na Kantin Furanni

Cinikin furanni, waɗanda mutanen birni ke kira fulawa, sana'a ce da ta daɗe a Turai, amma a ƙasar nan sai a 'yan shekarun baya ta yi ƙarfi. Yanzu a Legas da Abuja akwai kantunan da ba su sayar da kome sai yankakken fure, ana saye domin biki da gidajen saukar baƙi da ofisoshi da gaisuwar marar lafiya. Waɗansu furannin daga Jos a ke kawo su cikin mota, gama tudun Jos ya fi mita 1,200 bisa teku, sanyinsa ya karɓi wardi. Waɗansu kuwa jirgin sama ke sauke su daga Kenya, inda gonakin wardi suka yawaita a bakin tafkin Naibasha, ko kuwa daga babbar kasuwar gwanjon furanni ta Alsmiya kusa da Amsadam a ƙasar Holan. Ko daga ina ya fito, halin fure ɗaya ne. Tun sa'ad da wuƙa ta raba shi da uwarsa ya kama hanyar mutuwa, iyakar abin da mai kanti zai iya shi ne ya rage masa sauri, da sanyi kuwa a ke yin wannan. Saboda haka injin sanyi shi ne uwar jarin kantin. Wanda ya yi kuskure wajen zaɓensa, kowace safiya zai riƙa kwashe kuɗinsa yana zubarwa a juji.

Kafin a shiga maganar inji ya kamata a san abin da sanyi ke yi wa fure. Furen da aka yanke da sauran ransa, yana numfashi kamar kowane mai rai, yana kuma cin sukarin da ya tara cikin kara da ganye tun yana gona. Ba shi da saiwa da zai sami wani, in guzurin ya ƙare shi ke nan. Masana sun auna sun ga duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin santigirad, numfashin ya kan ninka sau biyu ko sau uku. To, a yi lissafi. Daga digiri 2 zuwa 32 hawa uku ke nan, ko da sau biyu kaɗai ya ke ninkawa a kowane hawa, an sami ninki takwas. Watau wardin da ya yini ya kwana bisa kanta cikin zafin bazara ya cinye guzurin da zai ishe shi fiye da mako guda cikin sanyi. Mai saye ba ya ganin wannan a kanti. Sai ya kai gida, kwana biyu furen ya sunkuyar da kai, ba ya kuwa komawa kantin nan.

Wardi da kaneshin da kirisantimam da sauran furannin ƙasashen sanyi, manyan gonaki su kan ajiye su tsakanin digiri 0 da 2. Ga mai kanti 2 zuwa 4 ya fi, domin ya bar wa kansa 'yar rata. Inji ba ya tsayawa cik a lamba ɗaya, ya kan hau ya kan sauka, kusa da bututun sanyi kuma ya fi sauran wurare sanyi. Fure kuwa da zarar an gota sifiri kaɗan ruwan jikinsa ya daskare, in ya narke sai ya zama kamar dafaffen alayyafo. Don haka firiza irin ta masu kifi da masu ƙanƙara, wadda ke sauka har digiri 18 ƙasa da sifiri, ba ta cikin wannan magana sam.

Firjin Lemo Da Firjin Fure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya je kasuwa ya ga firjin lemo mai ƙofar gilashi, dogo, kyakkyawa, da fitila ciki, ga araha, ya ce ai sanyi sanyi ne. Ya kan kai digiri 3 ko 4 sosai, ma'auni ba zai ƙaryata mai sayarwa ba. Amma bayan kwana biyu sai a ga gefen furen ya yi baƙi-baƙi, ya ƙanƙance kamar wanda wuta ta lasa, ganye ya yi yaushi alhali kara yana cikin ruwa. Abin da ya faru shi ne iskar ciki ta bushe.

Ga yadda abin ya ke. Cikin kowane firji akwai naɗaɗɗen bututu, wanda masu gyara ke kira kwayil, shi ne ke ɗauke zafi daga iskar ciki. Kowa ya ga yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi in an ajiye ta bisa tebur. Ruwan nan daga iska ya fito, sanyin kwalba ne ya tatso shi. Haka bututun firji ke tatse ruwan iskar ciki, ya zama raɓa ko ƙanƙara a jikinsa, daga baya ya tsiyaye waje. Gwargwadon yadda bututun ya fi iskar sanyi, gwargwadon ruwan da ya ke tatsa. Masu ƙera firjin lemo su kan sa ƙaramin bututu mai tsananin sanyi, su haɗa shi da fanka mai ƙarfi, domin kwalba ta yi sanyi da wuri kafin mai ƙishirwa ya zo. Kwalba a rufe ta ke, ba ruwanta da bushewa. Fure kuwa fatarsa ta fi takarda laushi, iskar da aka tatse sai ta rama a jikinsa, fanka kuma na ta hura masa ita dare da rana. Hunturu ne aka kulle cikin akwati.

Firjin fure akasin haka a ke ƙera shi. Bututunsa babba ne mai faɗi, sanyinsa bai fi na iskar ciki da yawa ba, kamar digiri 5 ko 6 kurum. Da ya ke yana da faɗi, ya kan ɗauke zafi daidai da wancan, amma ruwan da ya ke tatsa kaɗan ne, sai laimar iskar ta tsaya wajen kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari, abin da fure ke so ke nan. Fankarsa kuma a hankali ta ke juyawa, waɗansu ma ba su da fanka, iska mai sanyi ce ke gangarowa da kanta daga sama saboda ta fi mai ɗumi nauyi. Babban bututu jan ƙarfe da goran ruwa ya ke ci, shi ya sa kuɗinsa ya fi. Mai kanti da ya ga bambancin kuɗi ya ɗauka ƙawa ce kawai, bai ga inda kuɗin ya shiga ba ne. Araha ba ta ado.

Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai sayarwa ko mai haɗa inji ita ce, digiri nawa ne tsakanin sanyin bututu da sanyin iskar ciki? In ya ce 5 ko 6, ana kan hanya. In ya ce 10 ko fiye, na lemo ne ko na nama. Galibi mai sayarwa ba zai san amsar ba, ba kuwa laifinsa ba ne, ba a saba tambayarsa ba. To, gani ya kori ji. Akwai ɗan ma'aunin laima mai batir, bai fi akwatin ashana girma da yawa ba, kuɗinsa kaɗan ne. A sa shi ciki tare da bokiti biyu ko uku na ruwa, a rufe, a bar injin ya yini yana aiki, sa'an nan a duba. In ya tsaya a 50 ko 60, a bar wa masu lemo kayansu. Ƙarfin fanka kuma a gwada shi da 'yar takarda marar nauyi, a rataya a inda kawunan furanni za su tsaya. Ta ɗan motsa ba laifi, amma in tana kaɗawa kamar tuta, iskar ta yi yawa.

Sai dai a lura, iska mai laima a ke so, ba jiƙaƙƙen fure ba. Ruwa in ya kwanta a kan fure, ko daga ɗigon bututu ko daga yayyafin mai kanti, ya kan jawo wata fumfuna mai ruwan toka wadda ke farawa da ɗigo-ɗigo, ta ruɓar da kan wardi duka, sanyi kuma ba ya hana ta. Yawan fitar da fure a mai da shi ma yana kawo ta, gama duk fitowa sai ya yi gumi kamar kwalbar nan. A duba injin yana da tire da 'yar hanyar da ruwa ke bi ya fita waje, kada ya ɗiga kan kaya.

Ba Kowane Fure Ke Son Sanyi Ba

Akwai furannin ƙasashen zafi waɗanda sanyin da ke raya wardi kashe su ya ke yi. Anturiyam mai jan faranti, da helikoniya wadda ganyenta ya yi kama da na ayaba, da furen citta, da yawancin okid, ba su jure abin da ya gaza digiri 10, anturiyam ma ya fi son 13 ko sama. In an sa su cikin digiri 3 sai su yi baƙi, su yi tabo, kamar yadda ɓawon ayaba ke yi in ta kwana a firji. Mai kanti da ke sayar da iri biyun lalle ya tanadi wuri biyu. Sa'a ɗaya ita ce wurin na biyu ba ya bukatar inji mai tsada. Iyakwandishan na ɗaki ya kan sauka har 16, wannan kuwa ya ishi waɗannan furanni, in an rufe su da leda marar kauri ko an ajiye bokitin ruwa kusa saboda bushewa. Wanda ya ce zai raba gardama ya tsai da inji ɗaya a digiri 8, ya ɓata wa kowa: wardi ya tsufa da wuri, anturiyam ya yi tabo.

Wani abin da ba a gani da ido shi ne iskar da a ke kira etilin. 'Yan kasuwar ayaba da mangwaro sun san aikinta ko da ba su san sunanta ba, ita ce ke sa ɗanye ya nuna in an rufe shi tare da nunanne. Tun zamanin da a ke haska titunan Turai da fitilar gas aka lura itatuwan da ke kusa da inda bututu ke yoyo su kan zubar da ganye, a 1901 kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Rasha, Dimitri Nelyubof, ya gano etilin ce cikin gas ɗin ke gurgunta tsiro. Abin da ke nunar da ayaba shi ke tsofar da fure. Ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya sa kaneshin ya naɗe ya rufe, Turawa masu wannan sana'a su kan ce ya yi barci, ba ya kuwa farkawa. Tumatir da ayaba da mangwaro da gwanda da tuffa duk suna fitar da ita, haka hayaƙin mota da na janareta da na taba, har da ruɓaɓɓen ganye a gindin bokiti. Don haka firjin fure na fure ne kaɗai. Yaron kanti da ya ɓoye mangwaronsa ciki domin ya sha da sanyi da azahar ya yi wa maigidansa ɓarna bai sani ba. Wannan ne kuma ya sa ɗakunan sanyi na haya masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwannin ƙasar nan tun 2015, ko da ya ke sun taimaki masu tumatir da tattasai ƙwarai, ba su dace da mai fure ba muddin kayan miya na ciki.

Wane Iri, Kuma Wane Girma

Injin iri biyu ne manya. Akwai na nuni mai ƙofar gilashi, wanda mai saye ke leƙawa ya zaɓa, akwai kuma ɗakin sanyi wanda mutum ke shiga da ƙafarsa. Gilashi yana jawo ciniki, gama fure da ido a ke sayensa, amma yana zubar da sanyi fiye da rufaffiyar ƙofa mai soso ciki, in wuta ta ɗauke kuma shi ke fara ɗumi. Da damina ya kan yi hazo har ba a ganin kaya, sai in mai ruɓi biyu ne ko mai ɗan zaren wuta da ke ɗumama shi. Abin da ya fi dacewa a inda wuta ba ta da tabbas shi ne ƙaramin na gilashi a gaba mai ɗaukar cinikin yini, babban kaya kuwa a baya cikin rufaffe. Fitilar ciki ta zama irin ta zamani marar zafi, domin duk zafin da fitila ta zuba injin ne zai kwashe shi.

Girma kuwa da bokiti a ke auna shi, kuma da ranar da kaya suka fi yawa, kamar makon 14 ga Fabrairu da bukukuwan Disamba da na bayan Salla. A ƙidaya bokitan wannan rana, a jera su a ƙasa, a bar tafin hannu tsakanin kowane da ɗan'uwansa da kuma tsakaninsu da bango, sa'an nan a auna. Wurin da aka cusa wa kaya har baki, iska ba ta zagayawa, na kusa da bututu ya daskare, na bakin ƙofa ya yi ɗumi. A kula da tsawo kuma. Karan wardi na kasuwa ya kan kai santimita 40 zuwa 70, giladiyolas kuwa, ɗan'uwan rumana ta daji, ya kan kusanci mita guda, kuma dole a tsaye za a ajiye shi, in an kwantar da shi kansa ya kan lanƙwaso sama ya kuma ƙi miƙewa. Firjin da ba a iya ɗaga katakansa ko cire su, wahala ce a ke saye.

Mai son gina ɗakin sanyi ya nemi bango irin na falle biyu na ƙarfe da soso tsakani, kaurin santimita 10, watau inci 4, har ƙasa ma a shimfiɗa soson kafin a yi daɓe. Ƙofar ta zama ana iya buɗe ta daga ciki, wannan maganar rai ce. A rataya labulen roba a bakinta. Abu ɗaya da za a nanata wa mai haɗawa shi ne ɗakin na fure ne, gama yawancinsu a ɗakunan kifi da kaji suka ƙware, in an ƙyale su irin wancan bututu da waccan fanka za su sa. Kada kuma a yarda da zancen a sa babban kwamfureso don a huta. Wanda ya fi ƙarfin ɗakinsa ya kan tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, kowane 'yan mintoci, ya gaji da wuri, ya ci wuta a banza.

Akwai wata dabara mai rangwame da ƙananan manoman fure na Amurka suka runguma. Wani manomi a Jihar Niyok, Ron Khosla, wajen 2006 ya ƙera ɗan akwati mai suna CoolBot wanda a ke haɗawa da iyakwandishan na ɗaki. Akwatin yana ɗan ɗumama hancin da injin ke jin sanyi da shi, sai injin ya ɗauka har yanzu da sauran zafi, ya ci gaba da aiki har ɗakin ya sauko wajen digiri 2 ko 3, yana kuma tsai da shi in ƙanƙara ta fara kama bututu. Yana aiki in ɗakin ya sha soso sosai kuma ba a yawan buɗe shi. Aibinsa shi ne iyakwandishan don busar da iska aka yi shi tun asali, sai an taimaka da ruwa a buɗe cikin ɗakin da rufe furanni da leda. Amfaninsa babba kuwa shi ne kowane gari akwai mai gyaran iyakwandishan.

Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani, wadda Malam Muhammadu Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, da ɗakin da a ke yi wa bangon gawayi ana jiƙawa kamar yadda ƙananan manoma ke yi a Kenya, duka suna rage zafi da rani, iskarsu kuma mai laima ce. Sun ishi manomi ya riƙe abin da ya yanka da asuba har mota ta zo. Ba su kusantar digiri 4, da damina kuma ƙarfinsu ya kan ragu ƙwarai, saboda haka ba su maye gurbin inji a kanti.

Zafin Gari Da Wutar Lantarki

Firji ba ya ƙirƙirar sanyi. Kwarfe zafi ya ke yi daga ciki ya zubar waje, kamar mai kwarfe ruwa daga rami, in wajen ya yi zafi ƙwarai kuwa kwarfewar ta kan gagara. Kowane inji an rubuta iyakar zafin da aka yi shi dominsa a ɗan faranti da ke manne bayansa ko cikinsa. A na gida harafi ne: N ya tsaya a digiri 32, ST a 38, T a 43. A na kanti lamba ce: 3 na ɗakin da bai wuce digiri 25 ba, 4 na 30, 5 na 40. Yawancin firjin nuni na hannu da ke shigowa daga Turai masu lamba 3 ne ko 4, an yi su don kantunan can. A Jos za su iya rayuwa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, sa'ad da zafi ke kai 40 har ya gota, sai su yini suna gunji ba hutawa, ciki kuwa bai sauko ba. Mai saye ya sunkuya ya karanta farantin nan kafin ya taya. In da hali a zaɓi irin wanda a ke raba shi biyu, a kai kwamfureso da kwandensa waje cikin inuwa inda iska ke wucewa, ban da bangon yamma, domin in suna cikin kanti zafin da suka kwarfo cikin kantin su ke zubarwa.

A farantin nan kuma a ke ganin irin wutar da injin ke ci. Ta ƙasar nan bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce mai bugu 60, taransifoma kuwa bolt kaɗai ta ke gyarawa, ba ta gyara bugu. Kwamfureso sa'ad da zai tashi ya kan ja wuta ninki uku har zuwa shida na abin da ya ke ci yana tafiya, saboda haka janaretan da aka auna da cin tafiya kaɗai zai shaƙe duk tashi. Akwai sababbin kwamfureso da a ke kira inbata, masu tashi a hankali, su ne suka dace da mai farantan hasken rana da batir, ko da ya ke gyaransu sai wanda ya san allon lantarkinsu. Raunanniyar wuta ta fi ɗaukewar wuta ƙona inji, don haka sitabilaiza wajibi ce, tare da ɗan abin da ke jinkirta tashi minti 3 zuwa 5 bayan wuta ta dawo. Janareta kuma a nisanta shi da kanti, a juya bututun hayaƙinsa waje ɗaya, saboda etilin ɗin nan.

Kuɗin wuta ma a sa shi cikin lissafi tun farko. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a yini, zuwa naira 225 kowane kilowat na sa'a guda. A ɗauki misalin inji mai cin wat 500 wanda ke aiki sa'a 16 cikin 24. Kilowat 8 ke nan, watau naira 1,800 a yini bisa wancan farashi, 54,000 a wata, ban da man janareta, wanda ya yi tsada tun da aka janye tallafinsa a Mayu 2023. Tsohon inji mai sakakkiyar robar ƙofa da siririn soso, wanda ba ya hutawa ko kaɗan, zai ci rabin wannan a kai. Cikin shekara ɗaya ko biyu rangwamen da aka samu ranar saye ya koma wajen masu wuta. Dabara ɗaya marar tsada ita ce a jera jarkunan ruwa a ƙasan ɗakin sanyi. Ruwa yana riƙe sanyi fiye da iska nesa ba kusa ba, in wuta ta ɗauke su ne ke tallafe ɗakin 'yan sa'o'i, muddin an bar ƙofa a rufe.

Sauran abin da ke kan farantin shi ne sunan gas. Mai R12 tsoho ne tukuf, yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 ta hana wannan gas saboda lahaninsa ga sararin sama. R22 ma yana kan hanyar fita, an sa wa ƙasashe masu tasowa 2030. R134a da R404A har yanzu ana samunsu, amma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali cikin 2016 ya sa ana rage su sannu a hankali. Sababbin ƙananan injuna galibi R290 ne ko R600a, ba su cin wuta da yawa, sai dai gas ɗin yana kama wuta, ba kowane mai gyara ya iya da shi ba. Kafin a biya kuɗi a zaga gari a tambaya, akwai gas ɗin, akwai fanka da kwamfureso na canji, akwai wanda zai zo da daddare in an kira shi? Injin da sai an aika Legas a kan ɗan ƙarfe guda, furen da ke cikinsa ba zai jira mota ba.

In an sayo, kada a kunna nan take. A bar shi a tsaye 'yan sa'o'i man kwamfureso ya koma mazauninsa, balle in an kwantar da shi cikin mota. A bar tafin hannu biyu tsakaninsa da bango, nesa da taga mai rana. Lambar da ke haskawa a goshin inji ba abin dogara ba ce, a sa ma'aunin zafi na dabam cikin kwalbar ruwa a tsakiyar kaya, domin zafin ruwan shi ne ya fi kusa da zafin furen. Akawun kanti ya rubuta abin da ya gani safe da azahar da dare cikin littafi, ta haka a ke gane inji ya fara gajiya tun bai tsaya ba. Robar ƙofa a gwada ta da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zare ba gardama robar ta saki. Da hunturu ƙura ta kan toshe kwandensa, a goge shi da buroshi kowane mako biyu. Makon farko kuma kada a zuba jari duka ciki. A sa dami ɗaya na wardi a sama, ɗaya a ƙasa, ɗaya a bakin ƙofa, bayan kwana biyar a fito da su a yanke gindin kara, a sa cikin ruwa mai tsabta a ɗaki, a ƙidaya kwanakin da kowane dami zai yi kafin ya sunkuya.